Yajin Jego a Turmi Biyu

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, mahaifiyata, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yabi wani abu da hannuna ya taɓa ba. Haka al'adar gidanmu take a Roni. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a sakar mata fuska a gaban mutane, balle a ce girkinta ya yi daɗi. Idan na yi miya ta yi kyau, Inna za ta cinye ta suɗe kwano, sannan ta dubi ƙanwata ta ce yau dai gishiri bai kashe mu ba. Shi ke nan, an sallame ni. Na san kunya ce, kowa ya san kunya ce, amma wallahi sanin bai taɓa hana abin cin raina ba.

Abin da aka san Inna da shi a unguwarmu shi ne yajin jego, wanda ake daka wa macen da ta haihu ta riƙa barbaɗawa a tuwo da romo har ta gama wanka, a kuma ƙulla wa 'yan suna su tafi da shi gida. Ba sayarwa take ba. Mace na haihuwa za a aiko mata da citta da masoro da kanumfari da kimba da barkono, ita kuma ta shiga ɗaki ta ɗauko tafarnuwa, don ba ta yarda da ta kowa ba. Tata ja ce. Ja dai muke ce mata kamar yadda ake ce wa albasa, amma ɓawonta ruwan shunayya ne, 'ya'yanta 'yan mitsi-mitsi, ɓawon kuma manne da su sai ka ce da gayya. Wani tsoho ne a kasuwar Babura yake kawo ta daga tsallaken iyaka, duk shekara sai Inna ta aika an sayo mata ta rataye a ɗaki. Zannuwanta da filonta har dardumar sallarta duk warin abin suke yi, mu kuma mun saba har ba ma ji.

Da aure ya kawo ni Kazaure na kama aikin koyarwa a firamare, sai ga farar tafarnuwa ta fara cika kasuwa. Manya-manya, fara tas, ƙwaya ɗaya ta yi uku ta ja. Kina danna ta da wuƙa ɓawon zai zame da kansa. To macen da ke tasowa daga makaranta ƙarfe biyu, ta tarar da yara sun yi cirko-cirko a ƙofar kicin, wa zai ce ta zauna tana ƙwaƙular ja da farce? Na koma fara, kuma ban koma da kunya ba. Har hujja na haɗa wa kaina, ina faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa tafarnuwa tafarnuwa ce, in ta shiga tukunya babu mai tambayar ta launin ɓawonta.

Zuwan Inna na farko bayan haka, tun daga zaure ta tsaya ta ja numfashi sau biyu. Ba ta yi mini magana ba, ai ba ta yi mini kai tsaye sai dole. Yarana ta tambaya ko tafarnuwa ta ƙare a Kazaure ne, da an faɗa mata ai da ta taho da ita. Na fito da ludayi a hannu na ce akwai tafarnuwa a miyar nan har ƙwaya huɗu. Ta ce da bango, ba da ni ba, wai ruwa ne wannan aka naɗe da farin ƙyalle. Ranar na fasa faranti wurin wanke-wanke, kuma ba suɓucewa ya yi ba.

Haka muka yi shekaru. Ni ina kan fara, ita tana kan ja, duk zuwanta sai ta kama ni. Na taɓa haɗa su rabi da rabi don in gwada ta, ta yi loma ɗaya ta ce da jikarta wani ya fara shiryuwa amma bai ƙarasa ba.

Sai 'yata ta fari, wadda ke aure a Gwiwa, ta samu ciki. Da wata ya kusa aka dawo da ita gidana goyon ciki, cikin bazara, zafi kamar me. A bisa yadda aka saba, Inna ce za ta zo ta daka yajin. Amma tun daminar da ta wuce ta sha fama da zazzaɓi da mura mai nauyi, ta kwanta kusan wata guda, kuma ko da ta tashi hannuwanta ba su koma ɗaukar taɓarya ba. Ta ba wani direban motar Roni ƙullin jar tafarnuwa a tsohon zane ya kawo mini, da saƙon baki. Direban ya tsaya a ƙofar gida yana sosa ƙeya, ya ce an ce ya faɗa mini kamar yadda aka faɗa masa: wai a ce da waccan ta daka, kuma yajin da sunan gidanmu zai fita, in za ta zubar mana da mutunci ta faɗa tun da wuri a nemi wata.

Na karɓi ƙullin ina huci. Amma da na shiga ɗaki na zauna, sai na sake auna saƙon. Shekarata arba'in da wani abu ina jiran matar nan ta ce na iya wani abu, ga shi ta ɗora mini aikin da ta fi ji da shi a duniya. Na ƙudura a raina cewa ranar suna sai ta faɗa da bakinta cewa yajina ya yi, ko da bango za ta faɗa wa.

Kwana biyu da haka sai ga uwar mijin 'yar tawa, Hajiya muke ce mata, ta iso daga Gwiwa a bayan ɗan acaɓa, da kayan yaji niƙi-niƙi kamar yadda dangin miji ke kawowa. Mace ce mai faɗa da cika baki, irina sak, shi ya sa tun ranar ɗaurin aure muke girmama juna daga nesa. Ta kwance kaya ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, ta bar na ƙarshe don a gani da kyau. Farar tafarnuwa ce, dunƙule-dunƙule, kowanne ya cika tafin hannu. Ta ce ta zagaye kasuwar Gwiwa kaf kafin ta same ta, don jikanta na fari ba za a daka masa yaji da 'yan mitsi-mitsin nan na mutanen da ba.

Ku ji ikon Allah. Ni da na yi shekaru ina kare fara a gaban Inna, sai na ji bakina yana cewa ai mu a gidanmu ja muke sa wa mai jego. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta leƙa kicin ɗina ta hango farar a kwando, ta ce to waccan ta ado ce? Na ce waccan ta miya ce, yaji daban. Ta ce ita dai ba ta ga abin da ƙarama za ta yi wanda babba ba za ta yi ba. Maganata ce fa, tawa ta kaina, aka juyo mini da ita a tsakar gidana. Muka yi ta yi cikin ladabi, kowa na kiran ɗaya Hajiya, har mai cikin ta tashi daga tabarma ta shige ɗaki. A ƙarshe ta tattara tafarnuwarta ta ce za ta shanya abarta a Gwiwa, in an haihu ta zo ta daka nata, ni ma in daka nawa, jama'a su raba mu.

Ba a zuba tafarnuwa ɗanya a yaji, sai an ɓare an yayyanka an shanya ta bushe ƙarau, in ba haka ba yajin zai danƙare ya yi fumfuna. Kwana huɗu na yi ina ɓare jar nan bayan na taso daga makaranta. Farcena ya tsage, 'yan yatsuna suka yi zafi har alli nake riƙewa da ƙyar. A ofishin malamai aka fara buɗe tagogi in na shigo. Wata malama ta tambaye ni a hankali ko hawan jini ne ya kama ni nake magani. Maigidana kuwa ya dawo daga sallar la'asar ransa a ɓace, wai mutumin da ke kusa da shi a sahu ya matsa ya bar musu fili, shi da ko taɓa abin bai yi ba, rigarsa ce kawai aka shanya a igiya ɗaya da zanena. Na ce ya yi haƙuri, jikansa ne. Ya ce jikan ma in ya zo ya ji wannan zai nemi komawa.

Na shanya ta a tire a kan rufin kicin. Ko kajin maƙwabta da ba su bar komai ba, suka hau suka leƙa suka sauko. Kwana uku ta bushe, tana ƙara in an motsa ta. Hajiya kuma, kamar yadda labari ya iso mini ta bakin ɗanta, tata ta yi mako tana shanyawa tana kwashewa, abu ya ƙi bushewa, sai yauƙi yake, ga shi ya motse ya koma rabi. Ban yi dariya a gaban surukina ba. Na jira ya fita.

Allah ya sauki yarinyar lafiya, aka samu ɗa namiji. Ranar kwana biyar Hajiya ta iso da safe da busasshiyar tafarnuwarta da taɓaryarta, wai ba ta saba da ta aro ba. Aka raba sauran kayan yaji gida biyu daidai, aka kafa turmi biyu a tsakar gida, nata a gindin darbejiya, nawa a bakin rijiya. Mata biyu da suka ba hamsin baya ko suka kusa, kowa ta ɗaure hanci da ɗankwali, muna daka muna atishawa muna satar kallon juna. In ta ƙara sauri in ƙara. In na tsaya shan ruwa ta tambaye ni ko na gaji ne a taimaka mini. Bayana ya riƙe tun kafin azahar, amma da in nuna gara in faɗi a wurin. Daga baya na ji ita ma kwana uku ta yi ana gasa mata ƙugu.

Da muka tankaɗe, ido ba zai raba su ba, duk launi ɗaya. Hajiya ta juye nata a shuɗiyar langa, na juye nawa a koriya, ta tafi gida. Sai na kira maigida na ce ya ɗanɗana. Wannan mutumin duk abin da aka ba shi cewa yake ya yi daɗi, ko ruwan zafi ne, don haka ban sa rai da wani hukunci ba. Ya lakaci na shuɗiyar ya ce madalla. Ya lakaci na koriyar, idonsa ya kawo ruwa, ya nemi randa. Da ya dawo ya ce na farkon yaji ne, na biyun kuma a rubuta masa gargaɗi a jiki.

Na ɗanɗana da kaina. Na Hajiya ba laifi, citta ta fito, barkono ya fito, amma tafarnuwar sai kin tsaya kin neme ta, kuma kafin ki haɗiye ta ɓace. Nawa kuwa tun kafin ya kai baki ya shiga hanci, ya zauna a maƙogwaro, bayan an sha ruwa ma yana nan. Fara ta miyar yau da gobe ce, mai sauƙin hali, ba ta faɗa da kowa a tukunya. Amma abin da za a busar a daka a ajiye kwana arba'in, sai ja. Na tsaya a kicin ni kaɗai na yarda cewa tsohuwar nan ta fi ni gaskiya tun farko, abin ya ba ni haushi ya kuma ba ni daɗi, don yanzu na san ba ta da hanyar kaucewa.

Ranar suna da hantsi aka kawo Inna daga Roni. Ta rame, tana dogara sanda, amma bakin yana nan, don tana shigowa ta ce an ɗaura wa jaririn kaya da yawa kamar za shi Jos. Aka shimfiɗa mata darduma a ɗakin mai jego, mata suka cika ɗakin ana gaisawa. Hajiya ce ta tayar da maganar. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ta daɗe tana jin labarin hancin Inna har Gwiwa, ga yaji kashi biyu, ɗaya da fara ɗaya da ja, a taimaka a faɗa musu wanne ne wanne, kuma wanne ya fi. Ni na kawo langunan da hannuna na ajiye. Har wani murmushi nake yi, Allah ya yafe mini.

Inna ta ɗauki koriyar, tawa, ta kai hanci. Matar da ke gefenta ta yi atishawa, ita ko gezau. Ta lakata ta sa a harshe ta ajiye. Ta ɗauki shuɗiyar ta yi haka nan. Ta daɗe tana duban su, ta sake ɗaukar wannan, ta sake ɗaukar waccan. Ban taɓa ganin Inna ta shinshina abu sau biyu ba. Can ta ɗora hannu a kan shuɗiyar langa, ta Hajiya, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Wannan ce ja. Wannan shi ne yajin gidanmu. Wadda ta daka shi ta iya, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.”

Maganar da na yi shekara arba'in ina jira ke nan, ta fito a gaban mata cike da ɗaki, ta sauka a kan langar wata. Abin da ya fara zuwa mini fushi ne, har na buɗe baki. Na ɗauka da gangan ta yi, don kada ta yabe ni. Sai na ga ba langar take kallo ba, ni take kallo ta gefen ido, abin da ba ta yi, kamar mai jiran in tabbatar mata. Yabon nawa ne, ni ta nufa da shi. Canka ta yi, ba ta dace ba. Inna ba ta jin ƙamshin komai.

Na dubi Hajiya. Nasara ce ta faɗo mata a cinya, kalma ɗaya za ta faɗa labari ya kai Gwiwa kafin la'asar, wai gwanar Roni ta zaɓi fara. Na ga bakinta ya motsa. Ita ma ta dubi Inna, ta dube ni, sannan ta tafa hannu.

“Ai kuwa kin canka, Inna. Ni na shiga uku da farar tafarnuwata. A ba mai jego na 'yarki, nawa a ƙulla wa baƙi.”

Mata suka yi dariya, aka yi ta tsokanar Hajiya, ita kuma tana ramawa da cewa ai manyan kaya ba a san darajarsu a Kazaure ba. Ta kwashe langunan da kanta ta fita da su, a kicin ta juye nawa a kwalbar mai jego. Na bi ta in yi godiya, ta ce in matsa mata, hayaƙi ne ya shiga idonta, kuma har gobe tata ta fi kyan gani. Tun daga ranar duk abin da matar nan ta faɗa a taron dangi ina bayanta, ko ba ta da gaskiya, kuma sau da yawa ba ta da ita.

Bayan la'asar baƙi suka ragu, na shiga ɗakina na tarar da Inna ita kaɗai a bakin gado tana jiran motar da za ta mayar da ita. Na durƙusa ina haɗa mata ƙullin nama da cincin. Ba ta yi magana da bango ba, ba ta nemi wani yaro ta faɗa masa ba. Ni ta yi wa.

“Wanda na zaɓa ba shi ba ne, ko?”

Na ce shi ne mana, ai kowa ya ji. Ta ce in bar yi mata ƙarya, ta ga fuskata, ta kuma ga ta matar Gwiwa, mutuniyar kirki ce, in riƙe ta. Ta ce tun ciwon damina hancinta ya tafi, abinci duk ɗaya yake a bakinta, tuwo da fura da magani. Ba ta faɗa wa kowa ba, har ƙanwata da ke dafa mata. Hannun ma da ta ce ya gaza, da sauran ƙarfinsa, hancin ne babu, shi ya sa ta aiko mini.

Ta ce in je in ɗebo nawa. Na ɗebo a murfin kwalba na miƙa mata, ta ture hannuna ta mayar da shi wajen bakina.

“Ke za ki ɗanɗana. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki ji kunyata. Ya yi?”

Na lakata na sa a baki, ya hau mini kai, hawaye suka zubo. Na ce ya yi, Inna.

Ta gyaɗa kai ta ce to, ta jawo sandarta, ta ce in duba ko direban ya zo.